Ranin da Surukata Ta Ba Mu Gonarta

Ranar da muka binne surukata an yi kuka, amma in zan faɗi gaskiya, dariyar da aka yi ta fi kukan yawa. Na san ita ma haka za ta so.

Matan zumunta na coci ne suka fara cika gidan tun da hantsi, kowace da zanen zumunta, suna buga tulu suna rera waƙar da ta fi so. Ana cikin haka sai muryoyi suka fara raguwa har aka yi tsit, kowa ya juya yana kallon hanyar da ta taso daga titin Madakiya. 'Yan acaɓa ne a jere, ba a hango ƙarshensu. Babu wanda ya hau mashin ɗinsa. Tun daga bakin titi suka kashe inji suka riƙo kan mashin suna turowa, gumi yana zubo musu, domin duk wanda ya san Mama ya san ba a zuwa ƙofar gidanta da ƙarar salansa. Akwai namu na ƙauye, akwai na Samaru, akwai 'yan cikin garin Kafanchan da hulunansu.

Faston da aka gayyato daga wani gari don wa'azi bai san labarin ba. Ya sunkuya ya tambayi Baba Ƙarami, wato ƙanen marigayi mijinta, ya ce, "Baba, wai 'ya'ya nawa marigayiyar ta haifa ne?"

Baba Ƙarami ya ce, "Waɗanda ta haifa ga su can a bencin gaba. Waɗannan a gona ta tsince su." Ya faɗa da fuska a murtuke kamar yadda ya saba, sannan ya ciro hankici ya rufe idonsa.

Makanikenmu, ƙato ne mai gemu wanda ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da salansa ta ƙone masa ƙauri, ya ƙi zama a kujera. A ƙasa ya zauna a bayan rumfa yana ta maimaita wa duk wanda ya zo wucewa, "To yanzu wa zai riƙa yi mini faɗa?" Wata Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Kafanchan ta zo da babbar kula ta shinkafa, ta shige tsakiyar matan zumunta ta zauna, suka gyara mata wuri kamar dama tare suke zuwa taro.

Da aka watse, matata ta ce mini, "Baban yara, kai ka fi kowa shan faɗan Mama. Kai za ka rubuta, don yaran nan su san wace ce kakarsu." Shi ne nake rubutawa. Ba tarihinta zan kawo ba, wannan an karanta shi a coci. Rani guda kawai zan ba da labari.

Mama gajeriya ce, mai saurin tafiya, manomiyar citta tun kafin in san ta. Tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da gonar da ke bayan rafi. Hausarta irin ta tsofaffinmu ce, ba ta wahalar da kanta da bambanta mace da namiji, gona ma "gona na" take cewa. Tun da na auri 'yarta ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "Suruki", ni kuma ban taɓa zama a kujera a gabanta ba.

Ni ɗan acaɓa ne, kuma ina cikin masu tseren mashin na rani. Ga wanda bai taɓa gani ba, abin ba wuya. Ana share fili a yi hanya mai zagaye kamar ƙwai. Mutum huɗu ke tashi a lokaci guda, biyu daga kowace ƙungiya, a kan tsofaffin mashina da aka cire wa fitila da madubi da duk wani nauyi. Zagaye huɗu ake yi. Na ɗaya maki uku, na biyu biyu, na uku ɗaya, na huɗu ya tashi a banza. A yi ta tashi har yamma, a haɗa maki. Akwai rukuni na ɗaya, na 'yan cikin gari masu sababbin tayoyi da iyayen gida. Akwai rukuni na biyu, mu ke nan, 'yan ƙauye da 'yan bayan kasuwa. Wanda ya zo na ɗaya a lig ɗinmu, wato gasar tara maki, shi ake ɗagawa zuwa rukuni na ɗaya, sannan akwai kofi, wanda in aka cinye ka sau ɗaya ka fita.

A shekarar da nake magana ba mu da fili. Hedimasta ya hana mu filin ƙwallon firamare, kuma da gaskiyarsa, mun mai da masa shi kamar an yi huɗa. Kwamitin gasa suka ce ƙungiyar da ba ta da filin gida za a cire ta. Muka koma gwaji a kan kwalta da sassafe kafin motoci su yi yawa. Matata ta gaji da roƙona, sai ta kai ƙarata wurin uwarta, da fatan za a raba ni da abin gaba ɗaya.

A daminar da ta wuce kuwa ciwo ya shiga citta a duk ƙasarmu. Ganye ya yi rawaya, in ka tona sai ruɓa da wari. Na ga manyan maza sun zauna a bakin gona sun haɗa kai da gwiwa. Mama ta tona tata ta duba, ta wanke hannu a rafi, ta ce ƙasar ce ta gaji, a ƙyale ta ta huta. Ba wanda ya sake jin ta ambaci asarar.

Da ta aiko kirana, na je na cire hula na tsuguna. Tana tsince acca, ba ta ɗago ba.

"Suruki, an ce kana gudu da mashin."

"E, Mama, ɗan wasa ne."

"A ina?"

Na ce, "A titi, Mama. Amma da safe ne."

"Da safe kwalta yana laushi ne?"

"A'a, Mama."

"In na ce ka bari, za ka bari?"

Na buɗe baki zan ce e, ta ɗaga hannu. "Kada ka yi mini ƙarya a gida na. Auta ma yana ciki, na sani." Auta shi ne ɗanta na ƙarshe, ƙanen matata, kuma shi ne gwanin ƙungiyarmu. Ta ture tiren accar gefe ta ce, "Gona na yana nan ba komai a ciki. In za ku faɗi, ku zo ku faɗi a ƙasa na inda zan gan ku. Amma da ruwan farko zan yi shuka. Ka ji ko?"

Da na koma gida na faɗa wa matata, ta daɗe tana kallona. Sannan ta ɗaura ɗankwali ta tafi ta ji da kunnenta. Ta dawo tana cewa, "Na kai ƙarar mutum ɗaya, na dawo da biyu, har da Mama."

Muka baje kunyoyi, muka kwashe duwatsu, muka jera tsofaffin tayoyi da buhunan ƙaiƙayi a gefen waje. Mama ta kafa dokokinta. Ba tsere ranar Lahadi sai an tashi daga sujada, ba tsere ranar Juma'a sai an sauko daga masallaci. Ba hular kwano, ba hawa. Wani ya taɓa zuwa da hular da ta tsage an ɗaure ta da roba, ta karɓa ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Wannan ko kaza ba zan rufe da shi ba." Makanike ya ce mata ai akwai safayar komai a shagonsa, ta ce, "To kawo mini safayar kai in gani."

Babbar dokar ita ce ta hura. Kafin a fara, kowane mahayi, namu da baƙi, sai ya zo gindin ɗorawa inda take zaune a kan 'yar kujerarta, ya durƙusa. Sai ta ce, "Hura." Ka hura mata iska a fuska. In ta ji ƙanshin burkutu ko na giyar leda, shi ke nan, yau kai ɗan kallo ne. Yaran gari Musulmi suka ce, "Mama, mu ai ba ma sha." Ta ce, "Na sani. Hura dai, kada a ce na yi sonkai." Wani ya hura, ta yamutsa fuska ta ce, "Ba giya, amma ka nemi asuwaki."

Da farko da roba ake tayar da mu, a ja ta a gaban tayoyi a saki. Ranar farko robar ta maƙale a wuyan wani. Mama ta aika aka ɗauko mata faifai daga kicin. Ta tsaya a gaba ta ɗaga shi sama, in ta sauke, a tashi. Alƙalin wasa da kwamiti suka turo ya so ya yi gardama, sai ya duba ya ga kowa ya gamsu, ya haƙura. Har aka gama ranin nan faifan Mama ne ke tayar da tsere a filinmu.

Abin da ba ta taɓa yarda da shi ba shi ne na huɗu ya tashi ba komai. Ta ce mutum ya zagaya sau huɗu kamar kowa, ya sha ƙasa fiye da kowa, a ce bai samu komai ba? Sai ta riƙa zuwa da bokitin kunun zaƙi mai yajin citta, wadda take roƙowa wurin ƙawayenta da gonarsu ta tsira. Duk wanda ya zo na huɗu, kofi guda nasa ne. Ni ne mafi tsufa a ƙungiyarmu, kuma mafi nauyi. Babu wanda ya kai ni shan kunun nan. Har ya zama in an kira sunana a tashi, sai 'yan kallo su ce, "Mama, a zuba wa Suruki!"

Baba Ƙarami bai ji daɗin komai a cikin wannan ba. Ya ce ƙasar ɗan'uwansa ce ake daddanne ta da taya, za ta koma kamar daɓe, ko garma ba za ta shige ta ba. Ya ce mace mai shekarunta, shugaba a zumunta, ta tara 'yan acaɓa a gona. Suka yi ta a tsakar gida, shi da yarenmu, ita da yarenmu da Hausa duka. Ta ce masa, "Lokacin da citta ya ruɓe, ban gan ka a gonar ɗan'uwanka ba." Ya kai maganar gaban dattawan coci. Mama ta ce su zo su gani da idonsu kafin su yanke. Biyu suka zo wata Asabar, suka tsaya daga nesa da hannu a baya. Kafin a yi tashi na uku, ɗayansu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya hau kan tarin buhuna yana ihu, "Shiga ta ciki! Shiga ta ciki, yaro!" Maganar ba ta sake tasowa a coci ba. Baba Ƙarami dai ya daina gaishe ta da safe, ita kuma ta ci gaba da aika masa tuwo kamar kullum.

Lig ya yi mana kyau fiye da yadda muka zata. Auta yana kwantar da mashin a kwana har gwiwarsa ta kusa sharar ƙasa, tayar baya tana watsa ƙasa sama. Muka yi ta cin wasanninmu na gida, muka je Samaru muka sha da ƙyar, muka je bayan kasuwa aka lallasa mu. Har aka zo wasan da zai raba, mu da 'yan bayan kasuwar, a gonar Mama. Wanda ya ci shi za a ɗaga.

A ranar ne Auta ya zo daga bikin abokinsa. Ya yi wanka, ya tauna citta, ya durƙusa a gaban uwarsa yana murmushi.

"Hura."

Ya hura kaɗan ta gefen baki.

"Ni na haife ka. Hura da kyau."

Ya hura. Ta miƙa hannu ta zare makullin mashin daga yatsansa, ta ƙulle a bakin zaninta.

Muka taru a kanta. Makanike ya ce, "Mama, ƙwarya ɗaya ce, tun safe." Na ce, "Mama, yau ce ranar." Har kyaftin ɗin 'yan bayan kasuwa ya zo ya ce su sun yarda ya hau. Ta ce, "Ku kun yarda. In ya karye, a gidan wa za a kwantar da shi?" Ta ɗauki faifanta ta tafi bakin layi.

An cinye mu. Ba ma da ƙyar ba. Shi ke nan zancen hawa rukuni na ɗaya ya wuce. Na sha kunu har ya ishe ni a ranar, kuma ban ji daɗinsa ba. Auta ya yi fushin da bai taɓa yi ba. Ya daina cin abincin gida, ya koma ci wurin mai shinkafa a bakin titi. Mama ba ta bi shi ba, ba ta kuma ba shi haƙuri ba. Wata ranar kasuwa ta dafa paten acca da yakuwa, irin wanda yake so tun yana yaro, ta zauna a ƙofar ɗakinsa tana ci a hankali tana santi da ƙarfi. Can ya leƙo ya ce, "Mama, kin kashe mana lig."

Ta ce, "Na kashe. Ga ka nan kana fushi a tsaye da ƙafa biyu. Kawo cokali."

Saura kofi. A zagaye na biyu na kofin ne aka yi faɗuwar da ta fi kowace muni a filinmu. Wani saurayi daga ƙungiyar baƙi ya taɓa tayar na gabansa a kwana, mashin ya jefa shi ya bi ta kansa. Kafin mu sauka daga namu, Mama ta riga ta isa. Ta hana kowa ɗaga shi, ta sa aka ciro ƙyauren kicin aka kwantar da shi a kai, ta shiga Keke Napep da shi har asibiti a Kafanchan, kansa a kan cinyarta. Ƙafa ce ta karye. Uwar yaron ita ce Hajiyar nan mai atamfa. Ta iso asibitin a fusace tana neman matar da ta ba 'yan iska fili. Ta tarar da wata 'yar tsohuwa da jini a zani tana yi wa ɗanta fifita, shi kuma ya riƙe mata hannu ya ƙi saki.

Mama ta miƙe ta ce, "Ni ne. Ki yi mini faɗa, na cancanta. Amma ki zauna tukuna, kin sha rana."

Hajiya ta faɗa mana daga baya cewa faɗan yana bakinta, ta rasa ta inda za ta fara. Duk ranar kasuwa bayan haka Mama takan biya gidansu da kazar farfesu, kuma a raye take kai ta don su yanka da kansu. Da yaron ya fara takawa da sanda, Hajiya da kanta ta kawo shi filin kallo, ta zauna kusa da bokitin kunu tana ce wa duk wanda ya zo hura, "Ka hura da kyau, ina kallonka."

Mun kai wasan ƙarshe na kofi, za mu sake haɗuwa da 'yan bayan kasuwa, kuma ƙuri'a ta ba mu gida. Sai azumi ya kama. Kwamiti suka ce a yi a gama. Mama ta ce ba a gonarta ba. Ta ce rabin yaran nan ba ruwa a cikinsu, ga zafin bazara, wani jiri ya ɗebe shi a kwana fa? A jira Sallah. Makanike, wanda shi ma yana azumin, ya ce, "Mama, za mu iya." Ta ce, "Kai ka iya, kana zaune a inuwa da sifana." Aka ɗage. Muka yi Ista, suka yi Sallah, aka sa wasan ranar Asabar mai zuwa.

Ranar Alhamis da yamma hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina tsaye a ƙofar gida ina kallo. Kowa ya san sharaɗin Mama, kuma ba wanda ya taɓa ganin ta faɗi magana ta janye.

Washegari da safe muka je gonar, ni da Auta da makanike. Mun tarar Baba Ƙarami ya riga mu, da fartanya a kafaɗa, fuskarsa fes. Yana ganin Mama ta taho da ƙwaryar irin masara ya ce, "To, uwar 'yan acaɓa, ga ruwan farko. Ko an fasa ne?"

Ta ce, "Ba a fasa ba. Yau zan yi shuka."

Ta tsallake hanyar tseren ta shiga tsakiyar filin, wurin da ba ma bi, inda ƙasa take da laushinta. Ta ce, "Baba, tunda ka zo da fartanya, sara mini." Ya tsaya yana kallonta.

"A nan kawai?"

"Na ce da ruwan farko zan yi shuka. Ban ce daga ina zan fara ba."

Baba Ƙarami ya sauke fartanyar daga kafaɗa. Sai ga shi yana sara tana jefa iri tana takewa. Muka karɓi fartanyar muka ƙarasa. Da aka gama ta juyo ta ce mana, "Gobe duk wanda taya nasa ya taɓa mini shuka, ya fita. Ko ɗan wa ne."

Ban taɓa ganin taro a ƙauyenmu kamar na Asabar ɗin nan ba. Filin ya yi santsi, kowace kwana sai addu'a. Ba a jima ba kowa ya koma kala ɗaya saboda taɓo, sai ta hula ake gane mutum. Aka yi ta kai da kawowa, su ci, mu ci, har aka zo tashin ƙarshe suna gabanmu da maki ɗaya. Wanda ya kamata ya raka Auta, injinsa ya buga tun a tashin baya. Makanike ya waiwaya ya duba waɗanda suka rage, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Suruki, hau. Ba mu ce ka ci ba. Kada dai ka sha kunu." Lissafin ke nan: in Auta ya zo na ɗaya ni na zo na uku, kofi namu. In na zo na huɗu, nasu.

Faifai ya sauka. Auta ya fita kamar an harba shi, ɗayansu yana bin sa, ɗayan yana gabana, ni a inda na saba. A zagaye na uku na gabana ya shiga kwana da ƙarfi, tayar baya ta zame, ya kwanta cikin taɓo. Na kauce masa da ƙyar na wuce. Na ji filin ya ɗauki ihu. Ni ne na uku! Na riƙe kan mashin kamar zan karya shi. Na shiga kwanar ƙarshe, ina hango layi, sai injina ya yi tari sau biyu ya mutu. Ruwa ya shiga fulogi.

Na waiwaya. Wancan ya tashi, yana ta buga kik. Na diro na kama turawa. Taɓo yana riƙe mini takalmi, numfashina yana fita kamar na tsohuwar akuya. Sai na ji wata murya a gefena. Mama ce, ta tattare zani zuwa gwiwa, tana gudu a bakin shukarta daidai da ni, tana dukan iska da faifai.

"Tura, Suruki! Tura! Kada ka ba ni kunya a gona na!"

Matar da ba ta taɓa ɗaga mini murya a bainar jama'a ba. Na ji injin wancan ya tashi a bayana. Na sa kai na tura da ƙirji, takalmi ɗaya ya zauna a taɓo, na bar shi. Tayar gabana ta haye layi, sai ga shi ya wuce ni fuu, ya watsa mini taɓo a fuska. Na zube a wurin ni da mashin ɗin.

Da na buɗe ido, Auta yana kaina yana kuka yana dariya, matata tana guɗa, ita da ta kai ƙarata. Baba Ƙarami kuwa an gan shi ya jefa hularsa sama, ko da yake har yau yana cewa iska ce ta cire ta. Mama ta zo ta tsaya tana haki, ta ce, "Yau ba kunu. Ba ka zo na huɗu ba."

Kofin ɗan ƙarami ne na gwangwani mai hannu biyu. Muka kai mata. Ta juya shi ta leƙa cikinsa, ta ce zai yi kyau da ajiye irin kuɓewa, kuma abin da ta yi da shi ke nan. Sati bai zagayo ba 'yan tsere suka yi mata gayya, namu da waɗanda muka cinye, kowa da garma. Ƙasar ta yi tauri kamar yadda Baba Ƙarami ya faɗa, hannuwanmu suka yi kanta, shi kuma ya zauna a gindin ɗorawa yana tuna mana cewa ya faɗa. Amma mun fasa ta, kuma masarar ta yi.

Ciwon da ya ɗauke ta bai daɗe ba. Na je duba ta a asibiti wata rana da azahar, na tarar matata ta fita sayo magani. Na tsuguna a gefen gadon. Ta ce in ja kujera. Na ce a'a, nan ma ya yi. Ta ce, "Suruki, zauna. Ƙafa na ba zai iya tashi ya sa ka ba." Na zauna a bakin kujerar.

Muka yi hirar yara, da ta gona. Can ta ce, "Bari in faɗa maka wani abu, kada ka faɗa wa Auta sai bayan na tafi. Tseren nan naku, ban taɓa ganin kwanar farko ba."

Na ce, "Yaya, Mama? Ai kina tsaye a gaba."

"Da kun tashi sai in rufe ido. Kowane tashi. Ku huɗu kuna shiga wuri ɗaya kamar awaki a ƙofa, wa zai iya kallo? Sai in ce, Ubangiji, huɗu suka shiga, ka fito mini da huɗu. In na ji kowa yana ihun murna, sai in buɗe."

Na ce, "Mama, to me ya sa kika ba mu gonar, tunda tsoro kike ji haka?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. "In ban ba ku ba, ai a titi za ku yi. A can wa zai tsaya ya yi muku addu'a?"

Ta ce in miƙo mata ruwa, na miƙa, ta sha, ta ce in tafi aiki, fasinja ba sa jira.

Na faɗa wa Auta bayan an share makoki. Ya fita bayan gida ya daɗe bai dawo ba.

Mama, kin yi aikinki, kin huta. Ubangijin da kika riƙa damun sa saboda mu ya karɓe ki hannu biyu, ya ba 'ya'yanki da jikokinki haƙuri, da mu da kika tara ba ki haifa ba. Sai mun zo.